Injin Banso a Gida: Yadda Za Ka Gama Aiki da Yatsunka Goma



Yanzu da zangon ƙarshe ya zo, hirar 'yan ajinmu ba ta wuce "bayan difloma sai me?" Wasu za su tafi aikin sanin makama na shekara guda su dawo babbar difloma. Wasu kuwa tuni sun fara cigiyar injinan hannu, da niyyar buɗe ɗan wurin kafinta a gareji ko a wani ɗaki na gidansu. Cikin injinan da aka fi sha'awa akwai banso, wato injin zarton nan mai kama da bel wanda ke zagaya wili biyu. Ba ya cin wuri, yana yanka miƙe, yana yanka lanƙwasa, ga shi ba shi da hayaniya sosai.

To wannan sanyin halin nasa shi ke yaudarar mutane. Kowa yana shakkar sakula, don ƙararta kaɗai ta isa ta sa ka shiga taitayinka. Banso kuwa sai ka ga mutum yana yanka yana hira, har yana waiwaye. Alhali irin wannan injin ne masu sayar da nama ke datsa ƙashin sa da daskararren kifi da shi, kuma yatsan ɗan Adam bai kama ƙafar ƙashin sa a tauri ba.

A wokshop na makaranta akwai malamin da ya saita injin kafin mu zo, shi ke riƙe da makulli, shi ke korar wanda ya shigo da silifa. A gida duk wannan aikin ya dawo kanka. Kai ne ɗalibin, kai ne malamin. Abin da wannan darasi zai bi ke nan.

Yadda injin yake aiki

Tunanin banso ya daɗe. A 1809 wani Bature ɗan Ingila, William Newberry, ya yi rajistar ƙirarsa, sai dai zarton ya riƙa tsinkewa a wurin da aka haɗe bakinsa biyu. Sai a 1846 wata Bafaranshiya, Anne Paulin Crepin, ta fito da hanyar haɗi mai ƙwari, daga nan injin ya fara yaɗuwa. Har yau tsinkewar zarto na cikin abubuwan da mai banso ke sa wa ido.

Zarton doguwar siririyar farantin ƙarfe ce mai haƙora a gefe ɗaya, an haɗe ta ta zama zobe. Mota ce ke juya wilin ƙasa, wilin sama yana bi. A daidai tebur zarton ƙasa yake gudu, saboda haka yana danne katako a kan tebur. Shi ya sa banso ba ya yawan harbo katako kan mai aiki kamar yadda sakula ke yi. Haɗarinsa na hannu ne kai tsaye.

Bari mu yi ɗan lissafi. Matsakaicin banso na katako, mai wili inci 14, zartonsa na gudun kusan mita 15 a sakan ɗaya. Kafin ido ya ga abu, ƙwaƙwalwa ta ba hannu umarni ya janye, ana ɗaukar kamar rubu'in sakan. A wannan ɗan lokacin zarto ya yi tafiyar kusan mita 4. In mai haƙora 6 ne a kowane inci, haƙora sama da 800 sun wuce ta wurin. Wanda ke cewa "ai ina da zafin nama, zan janye" bai yi wannan lissafin ba. Kariyar ita ce kada hannun ya je wurin tun farko.

Kafin ka biya kuɗin inji

Yawancinmu na hannu za mu saya, don sabo sai mai hali. Ba laifi, amma ka duba waɗannan kafin ka miƙa kuɗi:

Ƙofofin wili biyu, na sama da na ƙasa, su kasance suna nan kuma suna kulluwa. Makarin da ke rufe zarto daga wilin sama zuwa kusa da tebur ya kasance yana hawa yana sauka, yana kuma ɗauruwa tam. Ka duba robar da ke kan wili, in ta tsattsage ko ta saki zarto ba zai zauna ba. Akwai wani ɗan faifai a tsakiyar tebur inda zarto ke ratsawa, in ya cinye ya yi faɗi, gutsuren katako zai riƙa faɗawa ciki ya cije zarto. Shi wannan kana iya yanka sabo da filawud.

Sai farantin da ke jikin mota. Wutarmu a Nijeriya bolt 230 ce. Akwai injinan tokumbo daga Amurka da aka yi don bolt 110 zuwa 120, kana jona su kai tsaye motar ta ƙone. In mai sayarwa ya ce maka "makarin ai ba dole ba ne, mu ma cirewa muke yi", ka gode masa ka ƙara gaba.

Saiti: waya a cire daga soket

Kashe makunni kawai bai wadatar ba. Duk lokacin da za ka buɗe ƙofa ko ka taɓa zarto, ka zare wayar daga soket, ka ajiye kanta inda idonka ke ganinsa.

Na farko, ɗora zarto. Haƙora su fuskance ka, tsininsu na kallon ƙasa. In ka ga suna kallon sama, zarton ne ya birkice, sai ka juya cikinsa ya koma waje. A nan ne kaɗai ake sa safar hannu, domin naɗaɗɗen zarto yana warwarewa da ƙarfi kamar tarko.

Na biyu, ɗauri. Ka ɗaga makari can sama, ka tura zarton gefe da yatsa, matsakaicin turi. Kada ya karkata fiye da kimanin rubu'in inci. In ya yi sako-sako zai riƙa yawo a cikin katako, har ya sauka daga wili. In ya ɗauru fiye da kima zai gaji da wuri ya tsinke.

Na uku, zaman zarto a kan wili. Ka juya wilin sama da hannu sau da dama kana kallo. Zarton ya zauna a tsakiyar roba, ba ya matsowa gaba ba ya ja da baya. Akwai abin murɗawa a bayan wilin sama na gyara wannan, kaɗan-kaɗan ake taɓa shi.

Na huɗu, mariƙai. Akwai biyu a gefen zarto, hagu da dama, da boris ɗaya a bayansa. Na gefen su matso har ya rage kaurin takarda tsakaninsu da zarto, su kuma tsaya a bayan gindin haƙora, don in suka hau kan haƙora za su dakushe su. Boris na baya ya bar tazarar kamar rabin milimita, sai an fara yanka zai taɓa ya juya. Kada ka manta akwai irin wannan saitin a ƙarƙashin tebur, shi aka fi mantawa.

Na biyar, kuma shi ne wanda ya fi ceton yatsu: sauke makari. Ya zauna milimita 3 zuwa 6 a saman katakon da za ka yanka. Duk sanda kaurin katako ya canja, ka kashe inji ka sake saitawa. In ka gama yanka abu mai inci 4 ka koma filawud ba ka sauke makari ba, ka bar kusan inci 4 na tsiraran zarto yana gudu a gaban hannunka. Sauke shi bai kai rabin minti ba, kuma yankan ma ya fi miƙewa.

Kowane aiki da zartonsa

Ƙa'idar ita ce aƙalla haƙora uku su kasance cikin katako a kowane lokaci. Filawud mai rubu'in inci na son zarto mai haƙora 12 zuwa 14 a inci. Katako mai inci 2 ko fiye na son mai haƙora 3 ko 4, masu manyan ramuka da za su kwashe dusa. In ka sa mai ƙananan haƙora a katako mai kauri, dusa za ta cushe, zarto ya yi zafi, katako ya fara ƙauri.

Faɗin zarto kuma shi ke nuna irin kwanar da zai iya sha. Mai faɗin rubu'in inci zai fitar da da'ira mai faɗin kusan santimita 3. Mai rabin inci ba zai iya ƙasa da kusan santimita 13 ba. In ka tilasta wa faffaɗan zarto ƙaramar kwana, murɗe shi kake yi, ƙarshenta tsinkewa.

Maganar dakushewa kuma, a nan ne tsumulmula ke jawo asara. Zarto mai kaifi da kansa yake cin katako, kai rakiya kawai kake yi. Dakusasshe sai ka sa ƙarfi, kuma duk ƙarfin da ka sa a bayan katako yana jiran lokacin da katakon zai ƙare ne ya kai hannunka gaba. In ka ji kana dannawa da kafaɗa, ko yankan na kaucewa gefe ɗaya, ko kana jin ƙauri, lokacin canji ya yi.

Shigar aiki

Kaftani mai faɗin hannu, babbar riga, carbi a wuya ko a hannu, zobe, agogo, wayar sauraron waƙa da ke lilo, duk a ajiye su. 'Yan uwa mata da ke wannan fanni, a sa ƙaramin hijabi a cusa bakinsa cikin rigar aiki, kada a bar mayafi yana reto. Takalmi rufaffe, tabarau na kariya ko da yankan minti ɗaya ne, da abin toshe kunne in aikin zai daɗe.

Kada a sa safar hannu inji yana gudu. Mutane na ganin kamar kariya ce, amma haƙori ɗaya ya kama zarenta, hannun gaba ɗaya zai ja.

Lokacin yanka

Ka tsaya a gaban inji, ƙafafu a ware, ƙasa a share. Ka kunna ka jira zarto ya kai cikakken gudunsa kafin katako ya taɓa shi. Katakon ya kwanta sosai a kan tebur.

Ka ɗauka akwai wani layi da ya taso daga haƙoran zarto ya nufo cikinka. Wannan layin, yatsa ba ya hawansa. Hannu ɗaya a dama da shi, ɗaya a hagu, kowanne aƙalla santimita 10 daga zarto. Babban yatsa shi ya fi shiga uku, domin shi mutane ke sawa a bayan katako suna turi, daidai kan layin. Wuri mafi haɗari shi ne ƙarshen yanka: katako na turjiya, yana turjiya, sai kwatsam zarto ya fito, turjiyar ta ɓace, hannu ya zarce. Saboda haka in ka kusa ƙarshe ka rage turi, ka ɗauki sandar turi. Guntun katako ne mai tsawon kamar santimita 30 da aka yi wa ɗan baki a ƙarshe. Ka yi guda biyu ko uku ka rataye a jikin injin, don wadda sai an je nema ba a amfani da ita.

In za ka sha kwana mai tsanani, ka fara yin gajerun yanka daga bakin katako zuwa layin zanenka. Kana bin kwanar, gutsattsarin na zubewa, zarto na samun sarari. Gutsuren da ya tsaya kusa da zarto kuwa, sanda ce ke ture shi, ko a jira inji ya tsaya cak. Banso ba ya tsayawa nan take in an kashe, yana ci gaba da juyawa shiru, kuma a wannan shirun ne mutane ke kai hannu.

Abubuwa huɗu da ke zuwa ba zato

Abu mai zagaye. Ƙotar fartanya, muciya, gora, reshen darbejiya, duk abin da gindinsa bai kwanta ba, haƙora na kama shi zai mirgina, ya ja hannunka zuwa zarto. Ka yi masa mazauni: katako mai rami kamar kwari inda zai zauna daram, ko ka matse shi da kilam a jikin wani katako mai lebur.

Ja da baya. In yanka ya ƙi, kada ka jawo katako baya inji na gudu, musamman a kwana, domin za ka fizgo zarto daga kan wili. Kashe, jira ya tsaya, cusa ɗan weji a bakin yankan ya buɗe, sannan ka zare a hankali.

Ƙusa. Da yawa za mu fara da tsohon katakon rufi ko na akwatunan kaya don sauƙin kuɗi. Ƙusa ɗaya da ta karye a ciki ta isa ta zubar da haƙora. Ka duba ko'ina, ka bi da maganaɗisu, ka kakkaɓe yashi da busasshen siminti.

Tsinkewa. In ka ji wani ƙas-ƙas-ƙas da ke maimaituwa daidai da zagayen zarto, tsaga ce ta fara. Kashe nan take ka duba. In ya riga ya tsinke, za ka ji ƙara kamar an harba, to ka kashe, ka ja baya, ka zare waya. Kada ka buɗe ƙofa sai komai ya yi tsit, don wilin sama yana daɗewa yana juyawa shi kaɗai. Tsinkakken zarto ya fi fitowa ta gefen dama na tebur, saboda haka kada ka bar kowa ya tsaya a nan yana kallo.

Wuta, janareta da yara

Nan ne gida ya fi bambanta da makaranta. Ka ɗauka kana cikin yanka aka ɗauke wuta. Ka yi tsaki, ka fita shan iska, makunni na nan a kunne, katako na cikin zarto. Can aka dawo da wuta, ko wani ya tayar da janareta, inji ya tashi da kansa, ƙila ƙaninka na tsaye a gabansa. Don haka ka mayar da shi ɗabi'a: ana ɗauke wuta, abu na farko kashe makunni, na biyu zare waya.

Akwai makunni mai maganaɗisu, mai maɓalli kore da ja, wanda ke sakin kansa in wuta ta yanke, ba ya sake tashi sai an danna. Gwajinsa da sauƙi: babu katako a tebur, ka kunna inji, ka kashe daga soket, ka sake kunna soket. In injin ya tashi da kansa, ba shi da irin wannan makunni, sai ka nemi mai gyaran lantarki ya sa maka. Shi ma ya tabbatar an haɗa jikin injin da wayar ƙasa, tunda ƙarfe ne. Ka guji siririyar waya mai tsawo, tana zafi tana kuma rage wa mota ƙarfi. In wuta ta zo ba ƙarfi ka ji mota na gurnani ba ta ɗauki gudu ba, kashe ta ka haƙura. Janareta kuma a waje yake zama, nesa da taga, shi da jarkar fetur ba sa haɗa ɗaki da dusar katako.

Yara kuwa, kowa ya san gidan Bahaushe. Ƙanne, 'ya'yan maƙwabta, almajirin da ya shigo, duk abin da ke juyawa yana burge su. Ɗakin aiki ya zama mai ƙofa da kwaɗo. In ka tashi ka zare waya, ka sauke makari har kan tebur, ka sassauta ɗaurin zarto, ka kulle. Ka kuma gaya wa mutanen gida cewa in inji na gudu ba a dafa ka, ba a kiranka da ƙarfi daga baya, a tsaya a bakin ƙofa har ka kashe. Duk da haka kada ka yi aiki babu kowa a gida, ya zama akwai wanda zai ji in ka yi kira. In barci na fizgarka, ko ka sha maganin mura mai sa gyangyaɗi, ko azumi ya yi nisa jiki ya saki, ka bar yanka ka koma goge-goge da awo. Sannu ba ta hana zuwa.

Ƙurar da ba a ɗauka a bakin komai

Yanka a take ake ganinsa, ƙura kuwa sai bayan shekaru. Tun 1995 hukumar binciken cutar daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji, musamman ta cikin hanci. Ƙurar iroko an san ta da tayar da asma da ƙaiƙayin fata. Allunan da ake yi da niƙaƙƙen katako da gam su ma ƙurarsu laushi gare ta ƙwarai. Takunkumin yadi irin na lokacin korona ba ya tare wannan, ka nemi na ƙura irin N95 da ke kama fuska. Ka buɗe tagogi, ka yayyafa ruwa kafin shara, ka riƙa kwashe dusar da ke taruwa a gidan wilin ƙasa. Kada wurin aikinka ya kasance kusa da madafa, randa ko ɗakin tsofaffi.

In tsautsayi ya gitta

Ka tanadi akwatin taimakon farko tun kafin ka kunna inji ranar farko: bandeji, auduga, tsabtataccen ƙyalle, da leda sabuwa. In an yanke, a kashe inji, a danne ciwon da ƙyalle da ƙarfi, a ɗaga hannun sama da ƙirji. In jini ya jiƙa ƙyallen, a ƙara wani a kai, kada a ɗaye na farko. Ban da zuba fetur, baƙin mai, toka, ƙasa ko dusa, duk ƙara wa likita aiki ne.

In yatsa ya fita, Allah ya kiyaye, a ɗauke shi, a naɗe da tsabtataccen ƙyalle mai ɗan damshi, a sa a leda a ƙulle, sannan a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara. Kada yatsan ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. A wuce babban asibiti mai likitocin tiyata ba tare da ɓata lokaci ba, kada a ba mai ciwon abinci ko abin sha a hanya saboda yiwuwar aiki, kuma a tuna da allurar sandarewar jiki, wato tetanus. Tun yau ka san wane asibiti ne, ka san wa zai kai ka.

Shawarata ta ƙarshe ga duk mai niyyar sayen banso: kafin mu bar makaranta, ka roƙi malamin wokshop ya tsaya a kanka ka cire zarto, ka mayar, ka saita mariƙai da hannunka daga farko har ƙarshe, sau biyu ko uku. Yanzu kyauta ne, kuma akwai mai gyara maka. Sannan ka rubuta matakan saitin nan biyar a kwali ka manna a jikin injinka.

Allah ya tsare mu da hannuwanmu, ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya sa albarka a sana'ar da za mu kama. Amin.